Inuwar da Ba a Saya Ba

Shekarar da majalisa ta zartar da sabuwar dokar sayayya, ma'aikatar nan ta wayi gari kowa ya zama masoyin muhalli. Mutanen da ke barin famfon banɗaki yana zuba tun Juma'a har Litinin, su ne suka dawo suna maganar ɗumamar yanayi da muryar masu ta'aziyya. Dokar kuwa ba ta da wata sarƙaƙiya. Cewa ta yi, daga cikin abin da kowane ofishin gwamnati zai saya a shekara, dole kashi talatin cikin ɗari ya zama kaya marasa cutar da muhalli, irin waɗanda hukumar tantancewa ta manna wa tambarin koren ganye. Ofishin da ya gaza, a rage masa kason shekara mai zuwa. Wannan jimla ta ƙarshe ita kaɗai ta shiga kunnen Darakta, kuma ita ce ta jefa masa son muhalli a zuciya farat ɗaya.

Darakta mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramar murya, wanda bai taɓa karanta takarda ya wuce shafin farko ba. Da dokar ta zo sai ya sa aka shafe ƙofar ofishinsa da koren fenti, ya sauya hularsa zuwa koriya. Aka sayo biro masu ganye waɗanda ba sa rubutu sai an hura musu iska. Aka sayo kwandunan shara kala uku, na leda daban, na takarda daban, na ragowar abinci daban, da yamma masu shara su juye su duka a ganga ɗaya su cinna wuta a bayan katanga. Hayaƙin na bi ta tagar ɗakin taro, wani lokaci ana tsakiyar zaman kwamitin kiyaye muhalli, sai dai wani ya tashi ya rufe tagar a ci gaba.

A duk ginin mutum ɗaya ce ta karanta dokar daga farko har ƙarshe, ita ce shugabar sashen sayayya. Ana ce mata Malama Sashe, don ba ta buɗe baki a taro ba tare da ta ce sashe na kaza ya ce kaza ba. A bayan idonta aka fara kiranta haka, daga baya ta ji, ta kuma karɓe sunan hannu bibbiyu. Mace ce doguwa, mai tabarau, mai kallon mutum ta saman gilashi. Ta raina Darakta, ta raina Akanta, ta raina Lauyan ma'aikata, kuma a gaskiya ba za a ce ta zalunce su ba. Aibinta ɗaya, ta ɗauka wanda ya fi wawaye wayo ba abin da wawaye za su iya yi masa.

A harabar ma'aikatar akwai maɗatai jere a jikin katangar gabas, manya, masu kaurin da mutum biyu ba sa iya rungumewa. Direbobi a ƙarƙashinsu suke kashe rana, masu jiran fayil nan suke shimfiɗa kwali su zauna. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya dasa su, kamar dai da su aka halicci wurin. Mahaifin Malama Sashe ne ya dasa su, lokacin yana mai lambun ma'aikatar, ginin ma ko fenti ba a gama yi masa ba. Matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ƙarama da jariri. Jaririn wata 'yar'uwa ta ɗauka, yarinyar kuwa da ita yake zuwa aiki, ya shimfiɗa mata buhu a gindin maɗacin da ke kusa da famfo, ya kama ban ruwa yana waiwayarta.

Yanzu Baba ya tsufa, mantuwa ta cinye shi. A gida bai san kowa ba. 'Yarsa za ta kai masa shayi ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Na gode, baiwar Allah, Allah ya saka.” Wata rana ya tambaye ta ko ita ce mai gidan hayar. Wannan godiya ta baƙo ita ce abin da ke cin ranta fiye da komai, gara ya zage ta a kan ya riƙa yi mata ladabi.

Amma duk Asabar, ranar da ma'aikata ba kowa sai maigadi, takan saka shi a mota ta kai shi. Da ya taka harabar ya ɗaga kai ya ga rassan nan, sai ka ga mutum ya dawo cikin jikinsa. Ya dafa maɗacin kusa da famfo, ya bubbuga shi kamar kafaɗar aboki, ya juyo ya dube ta sosai.

“Uwata, kin ci wani abu kuwa? Zauna nan, kar ki shiga rana.”

Haka yake kiranta tun tana ƙarama. Sai ta zauna a kan saiwar, mace mai furfura a gefen kai, ya yi mata faɗan ta rame, ya tambayi labarin ƙaninta, ya ba ta labarin yadda akuya ta kusa cinye wancan na ƙarshen. Sa'a ɗaya, wani lokaci biyu, tana da uba. Suna fita daga ƙofa, kafin su kai shatale-tale, ya sake komawa yana ce mata baiwar Allah. Ba wanda ya san wannan a ma'aikatar sai maigadi, shi kuma ba mai surutu ba ne.

Shekara ta doshi ƙarewa, Akanta ya kawo labari mara daɗi. Duk da biro da kwanduna, ma'aikatar ba ta kai ko rabin abin da doka ta nema ba. Darakta ya kira taron gaggawa, ya zo da baƙo, wani ɗan kwangila da ake kira Mai Ganye. A bara mutumin nan taya da batirin mota yake kawo wa gwamnati. Da doka ta sauya sai shi ma ya sauya, ya buga ganye a katinsa, a jikin motarsa, har a maɓallin rigarsa. Turarensa kaɗai ya isa ya gurɓata unguwa guda.

Mai Ganye ya baje zane a tebur. Rumfar ajiye motoci ce doguwa, rufinta duka farantan sola, daga bakin ƙofa har ƙarshen katangar gabas. Motoci su sami inuwa, ofis ya sami wuta, a kashe janareta.

“Sai dai waɗancan itatuwan, ranka ya daɗe,” in ji shi, yana nuni ta taga da biro. “Sola ba ta shiri da inuwa. Dole a ɗan gyara wurin.”

“A gyara kamar yaya?” Malama Sashe ta tambaya.

“A ɗan rage su, Malama.”

“A rage su daga ina?”

“Daga ƙasa.”

Akanta ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya mayar da ita tari. Malama Sashe ta cire tabarau ta ce rufin babban gini yana nan shimfiɗe, faɗinsa ya ninka harabar, rana na dukansa tun safe har yamma, me ya hana a ɗora farantan a can? Darakta ya ɓata fuska. Wa zai ga abin da ke kan rufi? In baƙi sun zo daga hukumar sa ido, tsani za a kafa musu? Shi abin da yake so, mutum yana wucewa a titi ya gani ya ce lallai nan akwai shugaba.

“Yallaɓai, dokar kiyaye muhalli ce,” ta ce. “Za mu sare itatuwa don mu cika ta?”

Darakta ya juya wajen Lauya. Lauya mutum ne da ke barci ido buɗe, amma ranar Allah ya nufa yana farke.

“To, ai doka abin da aka saya take ƙirgawa,” ya ce. “Su itatuwan nan, an saye su ne?”

Ba a saye su ba. Ba su da rasit, ba su da lamba, ba sa cikin kayan gwamnati da ake ƙidayawa duk shekara tare da kujeru da fankoki. A idon doka, kwandon shara mai tambari ya fi su daraja. Malama Sashe ta san haka fiye da Lauya. Abin da ta iya samu a zaman nan shi ne a nemi farashi iri biyu daga 'yan kwangila, na rufi da na haraba, kwamiti ya zaɓa. Darakta ya amince don yunwa ta fara cinsa.

Da yamma ƙaninta ya zo duba Baba, ta ba shi labari a tsaye a ƙofar kicin.

“Yaya, ki je ki gaya wa mutumin nan gaskiya mana,” ya ce. “Ki ce ubanki ne ya dasa, ki gaya masa halin da ake ciki. Shi ma ai haifarsa aka yi.”

“In roƙi wa? Wannan mai koriyar hular?” Ta yi tsaki. “In kai masa ciwon Baba ya riƙa ba da labari a wurin shan shayi? Allah ya kiyaye. Mutanen da ba su san shafi na biyu na dokar ba. Da dokar tasu zan ɗaure su, ko motsi ba za su yi ba.”

“Yaya, ni dai...”

“Kai dai je ka ba shi maganinsa.”

Ta kuwa zauna ta yi aikin da take alfahari da shi. Akwai sashe a dokar da ya ba jami'in sayayya ikon ƙara sharuɗɗan kare muhalli a kowace kwangila. Ta rubuta cewa duk wanda aikinsa ya sa aka sare itace, dole ya kawo dashe ɗari biyar a madadin kowane ɗaya. Don ta ƙara tsananta abin, ta ce ba kowane dashe ba, sai daga gandun da hukuma ta tantance, kowace leda da tambarin ganye a jikinta. Kuma tunda doka ta ce duk abin da sharaɗi ya jawo a zuba shi cikin farashin kwangila, farashin haraba zai kumbura ya bar na rufi a baya nesa. Shekara da shekaru a wannan aiki, abu ɗaya ta sani kamar sunanta: kwamiti mai rahusa yake ɗauka, don kowa na tsoron masu bincike. Ta karanta sharaɗin sau biyu, ta yi murmushi. Darakta ya sa hannu a shafin farko kamar kullum.

Asabar ɗin makon ta kai Baba. Ya dafa maɗacinsa, ya ce mata ɓawon ya yi kyau bana. Ta ce masa, “Baba, kar ka damu, ba wanda zai taɓa su.” Ya dube ta da mamaki ya ce wa zai taɓa su dama, mahaukaci ne?

Ranar buɗe farashi abin ya fito yadda ta tsara. Na rufi ya zo da sauƙi, na haraba ya zo a kumbure. Mai Ganye na zaune a benci a waje, fuskarsa ba walwala. Darakta ya duba takardun biyu ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka hana abinci yana kallo. Malama Sashe ta naɗe hannu tana musu kallon hadarin kaji. Saura kawai a rubuta a tashi.

Sai Akanta ya ɗaga yatsa. Akanta, wanda duk ma'aikatar ta sani ba ya iya haɗa jimla biyu ba tare da ya ɓata a tsakani ba. Ba wayo ne ya sa shi magana ba, wurin rubutawa ne ya rasa.

“Ranka ya daɗe, tambaya ce dai. Su waɗannan dashen, in an ɗauki na haraba, a ina zan saka su? Na duba ba tara ba ce, tunda mu za mu biya. To in mu muka biya, kaya ne ke nan?”

“Kaya ne,” in ji Lauya.

“Kuma suna da ganye?”

Lauya ya jawo takardar ya bi da yatsa. “Kowace leda da tambarinta. Ga shi nan Malama ta rubuta.”

Nan take Malama Sashe ta gane kuskurenta. Ita tara ta ɗauki dashen, bulalar da za ta tsorata su. Ta manta bana ba tsada suke tsoro ba, tsadar suke nema ido rufe, muddin da ganye a jikinta.

Akanta ya danna na'urarsa, ya goge, ya sake dannawa. Ya ce da na rufi za a tsaya ƙasa da abin da doka ta nema. Da na haraba kuwa, sola da dashe a haɗe, saura ƙiris a kai. Darakta ya miƙe zaune sosai, idonsa ya yi haske irin wanda ba a taɓa gani ba tun da aka kawo shi ma'aikatar.

“Saura ƙiris?” ya ce. “To, ban da na katangar gabas, itatuwa nawa muke da su?”

Aka tuna akwai biyu a bayan ɗakin ajiya, da ɗaya kusa da ɗakin maigadi. Ba su tare wa sola rana ba, amma Lauya ya ce ana iya cewa sun tare hanyar waya. Akanta ya sake dannawa ya ɗago yana washe baki. An wuce kashi talatin.

“Yallaɓai, ba za a ɗauki mai tsada a bar mai rahusa ba,” in ji Malama Sashe.

“Sashe na sha ɗaya, Malama,” in ji Lauya, cike da jin daɗin kansa. “Kwamiti na iya fifita wanda ya fi yawan kaya masu tambari ko da ya fi tsada. Ke kika karantar da mu.”

“To na janye sharaɗin. Kuskure ne.”

“Ba a taɓa sharaɗi bayan an buɗe farashi. Wannan ma ke kika...”

“Na sani!”

Darakta ya ɗauka kunya ce irin ta masu tawali'u. Ya ce a tafa mata, aka tafa. Ya ce shi dama ya san matar nan baiwa gare ta, a ce mutum ya zauna ya ƙirƙiro hanyar da sare itace ɗaya zai haifi ɗari biyar! Ya ce zai kai wa sauran ma'aikatu wannan dabara su ma su amfana. Aka kira Mai Ganye ya shigo, da ya ji yadda aka yi sai ya durƙusa har ƙasa a gabanta, ya ce shi tun da yake kwangila bai taɓa ganin mai kishin muhalli irinta ba.

Washegari ta yi abin da ta rantse ba za ta yi ba. Ta shiga ofishin Darakta ta rufe koriyar ƙofar, ta tsaya a gaban teburinsa kamar mai neman aiki. Ta gaya masa komai, mai lambu da buhu da famfo, baiwar Allah da Uwata. Ta ce ba ta neman duka, a bar mata ɗaya, na kusa da famfo. A karkatar da rumfar kaɗan. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa cewa don Allah a wannan ɗakin ba, ranar ta faɗa har sau uku.

Abin takaici, Darakta bai yi mata wulaƙanci ba. Da ya yi, da ta sami abin riƙewa. Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya zaro hankici ya fyace hanci.

“Allahu akbar. Ashe tsohon namu ne! Me ya sa ba ki faɗa tun farko ba, Malama? Da tun ranar nan kika faɗa, wallahi da rufin muka hau, wa zai ja da uba? To amma yanzu kin ga an riga an sa hannu. In aka bar ɗaya, ɗari biyar sun fita, Akanta ya ce sai mu faɗo ƙasa da layi. Kin fi ni sanin doka.” Sai kuma fuskarsa ta washe. “Ga shawara. Ranar buɗe rumfa ki kawo shi. Mu ba shi takardar yabo, ya riƙe dashe ɗaya a ɗauki hoto. Tsohon mai lambu da sabon zamani! Kin ga yadda zai fito a jarida?”

Ta dube shi, ta dubi hular, ta rasa wanda za ta fi tsana tsakanin shi da kanta. Ta ce ta gode, ta fita.

Ranar Talata masu zarto suka zo. Ofishinta na kallon gabas, don haka ba abin da ya wuce ta. Ta rufe taga, ta saki labule, ƙarar injin ta biyo ta ta bango. Duk itacen da ya faɗi sai ginin ya girgiza, biro masu ganye su yi tsalle a kan tebur. Direbobi suka koma jikin bango suna bin siririyar inuwa, suna zagi ƙasa-ƙasa. Mai Ganye ya kwashe gungumen a manyan motoci, ya ce wannan hidimar kyauta ya yi wa gwamnati, ba sai an biya shi kuɗin kwashe shara ba. Kowa ya san abin da katakon maɗaci yake a kasuwa, amma Darakta ya sa aka rubuta masa godiya.

Dashen ma suka iso, dubbai, a baƙaƙen ledoji, kowace da tambarinta tsaf. Aka ƙirga, aka sa hannu, aka jibge su a bayan ɗakin ajiya kusa da gangar ƙona shara. Ba a haƙa rami ko ɗaya ba. Doka saye ta ce, ba ta ce dasawa ba, kuma ma'aikatar ta daɗe da soke gurbin mai lambu. Kafin wata ya zagayo sun zama tsinke. Hukumar sa ido ta aiko wa ma'aikatar lambar yabo, aka rataye ta a kan koriyar ƙofa.

Ba ta kai Baba bikin buɗewa ba. Asabar ta zo ta ce masa mota ta lalace, wata Asabar ɗin ta ce ana ruwa. Bai san ranaku ba, amma jikinsa ya sani. Ya riƙa sa takalmi da sassafe yana zama a bakin ƙofa. Ta kai shi wani lambun shaƙatawa a ƙarshen gari inda akwai maɗatai manya. Ya dube su ya ce masu kyau ne, na wane ne? A hanyar dawowa ya ce, “Baiwar Allah, kina wahala da ni, ko 'yan'uwana sun biya ki?” Ta tsayar da mota a gefen titi ta yi kuka, shi kuma ya kawar da kai don kar ya kunyata baƙuwa.

Ƙaninta ya ce kar ta kai shi ma'aikatar. Ta ce famfon yana nan, katangar tana nan, ƙofar ma ita ce. Wataƙila ba itatuwan ba ne, wataƙila wurin ne. Ita da kanta ba ta yarda da maganar ba, amma wata biyu ke nan ba wanda ya kira ta Uwata, kuma ta gaji.

Maigadi ya buɗe musu ƙofa bai ɗago ido ba. Ta fito da Baba, ta riƙe masa hannu suka taka sabon siminti. Rumfar ta miƙe doguwa, ƙarafunanta fentin kore, farantan na ƙyalli a sama. A jikin ginshiƙin farko an kafa allo mai ƙaton ganye, an rubuta cewa wannan aiki an yi shi ne bisa dokar sayayya mai kiyaye muhalli.

Baba ya ɗaga kai kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana kallon ƙasan farantan da wayoyinsu. Ya sauke kai ya dubi katanga, ya dubi famfo. Famfon ya gane. Ya zare hannunsa daga nata ya nufe shi da sauri, ya tsaya daidai inda saiwar take a da, ya miƙa hannu zai dafa, hannun ya sami iska. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya leƙa bayan ginshiƙi. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin wata motar ofis da aka ajiye.

“Baba,” ta ce. “Baba, ga ni nan.”

Ya juyo ya gan ta, mace doguwa mai tabarau, tsaye a harabar ma'aikata. Sai ya cire hularsa da sauri, ya ɗan rusuna kamar yadda yake wa manyan ofis a da.

“Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Ba ki ga wata yarinya ba? Ƙarama ce haka, ba ta da uwa. Nan nake ajiye ta a gindin itace, na ce kar ta motsa. Ba ta taɓa saɓa mini ba.”

Ta matso kusa da shi.

“Ki taimaka, ranki ya daɗe,” ya ce, yana murza hular a hannu. “Ku ne manya, ku kuka san doka. Wa zan gani?”